Ba Mu Kai Tuwal Ba

Tun da na saka hoton nan a zaurenmu na waya, wanda nake tsaye a gaban jirgin ruwa da rigar ceto a kan kaftani, ban huta ba. Wani ya tambaya ko na bar sayar da magani na koma su, wani ya rantse haɗa hoton aka yi, Malam Isiya kuma har kira ya yi daga Zariya don ya ji ko da gaske mutum yana kwana a kan teku ya tashi da ransa. Na gaji da amsa ɗaya-ɗaya, don haka ga labarin gaba ɗaya. Sai dai in faɗa muku tun yanzu, murmushin da kuka gani na ɗaukar hoto ne kawai. Da kishi na yi tafiyar nan, kuma ba mace a cikin zancen.

Duk wanda ya san ni a Jidda ya san Habibu. Injiniya ne, Bakano, jirgi ɗaya ya sauke mu shekaru da dama da suka wuce. Mun yi zaman gwauraye a ɗaki guda a unguwar Waziriyya kafin ya kawo iyalinsa, ni kuma na koma Sharafiyya kusa da kantin maganin da nake aiki. Nawa iyalin suna Zariya, sai hutu nake ganinsu. Saboda haka gidan Habibu ne gidana. A can nake cin tuwo, in yi barcin rana a falo, mu yi ta musun Kano da Zazzau har matarsa, Maman Ihsan, ta gaji ta kore mu. Yana ce mini bawansa, ina ce masa nawa. To bana kwantiraginsa ya ƙare, kafili, wato mai ɗaukar nauyinsa a ƙasar, bai sabunta ba, aka buga masa bizar fita ta ƙarshe. Ni na kawo shawarar mu yi hayar jirgin ruwa mu yi 'yan kwanaki a Bahar Maliya, mu yi ban kwana a natse, ba irin na filin jirgi da ake yi ana duba agogo ba.

Ni da shi na ce. Sai ya ce ai Usama ma zai zo.

Usama haifaffen unguwar Sa'alaba ne a nan Jidda, jikan alhazan nan da suka zo a ƙafa ta Sudan suka zauna. Aikinsa fito da kaya a tashar jiragen ruwa, a can suka haɗu da Habibu wajen karɓar wasu injina. Shekara biyun nan ba na jin komai a bakin Habibu sai Abu Rayyan ya ce, Abu Rayyan ya kai ni, don da sunan ɗansa ake kiransa yadda ake yi a nan. Hausarsa rabi Larabci ce, Kano kuwa bai taɓa taka ta ba, amma da yake daga can kakansa ya fito sai ya shiga sahun masu ce mini bawa. Na neme shi da laifi na rasa, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Ga fara'a, ga kyauta, ga iya kamun kifi, yanzu kuma zai raba ni da 'yan kwanakin da suka rage mini da abokina.

Da na ga ba yadda zan hana shi zuwa, sai na koma kan shirin hanya. Akwai wani garin masunta a arewa da Jidda, Tuwal. A shekararmu ta farko, lokacin ko gaisuwar Larabci ba mu iya ba, ni da Habibu mukan hau tasi mu je can cin soyayyen kifi, mu nuna wanda muke so da yatsa. Na ƙudurta can za mu je ta ruwa. In muka zauna a Tuwal, duk hirar da za a yi tawa ce da Habibu, Usama sai dai ya yi ta gyaɗa kai kamar baƙo a gidan suna. Ban faɗa wa kowa wannan ba, na ce dai kifin can ya fi daɗi.

Da sassafe suka zo ɗaukata a motar Usama. Na sauko na tarar Habibu ya riga ya hakimce a gaba, ni an bar mini baya, tsakanin kular ƙanƙara da sandunan kamun kifi, ɗaya tana ta tsokanar kunnena. Muka tsaya muka sayi ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗar gurasar nan mai zafi, muka miƙe titin Madina zuwa Abhur, mashigin ruwan da jirage ke kwana a arewacin gari. Duk tsawon hanya hirarsu ɗaya ce, wane kifi ke son wane abinci a bakin ƙugiya. Na jefa baki a kan labarin gida, Habibu ya ce haka ne, ko waiwayowa bai yi ba.

Jirgin fari ne, bai fi doguwar bas tsawo ba, da dogon ƙarfe a tsaye a tsakiya inda ake ɗaga ƙaton ƙyallen da iska ke turawa, shi suke kira shira'i. Mai tuƙa shi Rayyis Mahjub, Basudane ne mai furfura a gemu, yana magana kamar sayar masa da ita ake yi. Abu na farko da ya ce mini shi ne in cire takalmi. Na cire, ban jira an zauna ba na zayyana masa hanya: yau mu kwana nan kusa, gobe Tuwal, daga can mu juyo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗaga kai ya dubi wani ɗan tsumma da ke kaɗawa a saman ƙarfen.

"Ya duktur," in ji shi, don a nan duk mai sayar da magani likita ne, "ba a yanke hanya a tudu. Takardar izininmu ta ba mu har Tuwal a arewa, da ɗan abin da ke kudu. A cikin wannan, kullum da safe zan duba iska in kawo muku abin da zai yiwu, ku zaɓa. In rana ta yi iska ta sake shawara, mu ma mu sake."

Na ce masa mu a gida in ka shiga motar Kano a Kwangila, Kano za a kai ka ko da taya uku ne. Ba a taɓa jin direba ya tsaya a Kwanar Dangora ya ce yau iska ta fi son Jos ba. Bai san ko ɗaya daga wuraren ba, bai kuma nemi sani ba.

"Kuma ba na shawara da baki uku," ya ƙara. "Ku uku ne, ku naɗa amiri yadda addini ya koya wa matafiya. Da shi zan riƙa magana, abin da ya yanke shi ke nan."

Na gyara tsayuwa. Ni na kawo shawarar tafiyar, ni na nemo jirgin, ni ne babba a shekaru. Ban gama gyara zaman hulata ba Habibu ya ce, "Abu Rayyan."

"La ya akhi, ga Yaya Sanusi," in ji Usama, yana nuna ni. "Shi kabir ɗinmu ne, aib ne in wuce shi."

"Bazazzage ba ya shugabancin Kanawa," Habibu ya ce yana dariya. "Halas, an gama."

Ni ma na yi dariya, na ce Allah ya taya riƙo. Amma ful ɗin da muka ci bayan nan ban ji ɗanɗanonsa ba.

Teku ma tana da iyaka. A bakin mashigin akwai wurin masu gadin gaɓa, kowane jirgi sai ya raɓa ya miƙa iƙama, wato katin izinin zama, ta duk wanda ke ciki kafin a bar shi ya fita. Jami'in ya dubi tawa ya dube ni, ya sake dubanta. Hoton tun ina da suma ne. Ya ce in cire hula, na cire, abin ya ƙara lalacewa. Usama ya leƙo ya ce masa da Larabcinsu na Jidda wai gashin yana hutu a Najeriya, jami'in ya tuntsure da dariya ya miƙo mini katina ya yi mana fatan sauka lafiya. Habibu ya yi ta maimaita maganar kamar ba a taɓa yin barkwanci a duniya ba. Da ni na faɗe ta, cewa zai yi surutun Zagezagi ne.

Muna fita Rayyis ya kashe inji aka ɗaga shira'i. Zan yi adalci a nan, wannan shirun yana da daɗi. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai ruwa yana shafar jikin jirgi, gine-ginen Jidda suna ƙanƙancewa a baya. Ina cikin jin daɗin nan sai iska ta fizge hulata, ɗinkin hannu da na ajiye don sallar idi, ta faɗa ruwa tana lilo. Kafin in buɗe baki Usama ya zaro wata doguwar sanda mai ƙugiya ya tsamo ta, ya matse ta ya miƙo mini da hannu biyu. Na ce na gode. Da ta nutse da ya fi mini sauƙi.

Wajen azahar muka isa Bayada. Wani fili ne a tsakiyar teku inda ruwan bai wuce ƙirji ba, kore shar, kana ganin yashi a ƙasa, duwatsun murjani sun kewaye shi sun tare igiyar ruwa. A nan aka jefa anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi, aka ce nan za mu kwana. Amiri ya fara aiki da rabon ɗaki. Ɗakunan baƙi biyu ne a ƙarƙashin jirgi, ɗaya mai gado ɗaya, ɗaya mai gado biyu sama da ƙasa, kowanne bai fi durowar kaya faɗi ba. Na riga na ɗauki jakata na nufi mai gado biyu ina jiran Habibu ya biyo ni.

"Habibu yana minshari, ya kwana shi kaɗai," in ji Usama. "Ni da Yaya Sanusi sawa-sawa a nan."

Minsharin Habibu ni za a ba labari? Shekaru na yi ina barci a cikinsa a Waziriyya. Na dubi Habibu ko zai ce wani abu, na ga ya duƙufa yana karanta rubutun da ke jikin ƙofar banɗaki. Banɗakin ma abin kallo ne, famfon hannu ake bugawa kamar rijiyar burtsatse, in ka manta ka juya wani ɗan ƙarfe abin da ka tura ya dawo ya gaishe ka. Na manta sau ɗaya, ban sake mantawa ba.

Limanci dai aka bar mini. Rayyis ya nuna mana alƙibla da kamfas, muka jeru a bayan jirgi, na tayar. Ashe jirgi a kan anka ba ya tsayawa wuri ɗaya, juyawa yake a hankali yadda iska ta ga dama. Muka fara muna fuskantar Makka, muka sallame muna kallon Sudan. Rayyis ya ce ai bi ake yi, in jirgi ya juya kai ma ka juya. Da la'asar sai ga manyan mutane uku suna ta muskutawa gefe a cikin sallah, liman yana satar kallon kamfas. Allah dai ya karɓa.

Kafin yamma Usama ya kama najil, jan kifin nan da mutanen Jidda ke ji da shi. Tawa ƙugiyar dutse ta kama, sai yanke zaren aka yi. Amiri ya yanke cewa ni da shi za mu yi girki, Habibu ya zauna wajen Rayyis ya koyi ɗaurin igiya. Sayadiyya muka dafa, shinkafar masunta da ake soya albasa har ta kusa ƙonewa kafin a zuba ruwan kifi, ta fito ja wur. Ina yanka albasa yana yi mini tambayoyi, yara nawa, wanne ne ya fi ƙiriniya, Zariya akwai teku. Ina ba shi amsa guntu-guntu, kunnena yana sama inda nake jin dariyar Habibu. A raina na gama lissafi: ya raba mu ɗaki, ya raba mu aiki, mutumin nan ya san abin da yake yi. Shinkafar ta yi daɗi har na ƙara, amma na barbaɗa mata yajin gida don kada ya ga ta isa ita kaɗai.

Washegari da safe Rayyis ya fito da kofin shayi ya tsaya yana kallon arewa. Tsumman nan na saman ƙarfe ya miƙe sambal. Ya kira amiri, mu ma muka matso.

"Iskar arewa ta tashi, kuma ƙaruwa za ta yi," in ji shi. "In kun so mu bi ta kudu, akwai wani ɗan tsibiri, tafiya ce kamar a kan katifa. In kun so mu zauna nan cikin duwatsu ku yi iyo. Arewa ma tana yiwuwa, ban ce ba ta yiwuwa ba, amma za ku sha duka."

Na ga bakin Usama ya fara haɗa kalmar kudu. Ban san lokacin da na ce, "Tun a gida aka ce Tuwal. Ko don ba wasu suka kawo shawarar ba shi ya sa za a watsar?"

Usama ya dubi Habibu, Habibu ya dubi ruwa.

"Tayyib," in ji Usama. "Arewa, har azahar. In ta yiwu alhamdu lillah. Iza ma nafa', in ta ƙi, mu juyo, kuma ba wanda zai ce wa wani komai."

Yanzu ku ji aikin mai sayar da magani. Na taho da ƙwayar hana jiri, na ba Habibu ya sha, na miƙa wa Usama ya ce shi ya saba, ba ya sha. Da na ga bai sha ba, ni ma na mayar da tawa aljihu.

Jirgin iska ba ya iya tunkarar iska kai tsaye, sai dai ya yi ta karkace, ya nufi gabas ya juyo yamma, yana ɗan cin gaba kaɗan-kaɗan. Duk juyawa sai a yi ihu a sunkuya, wani ƙaton ƙarfe ya wuce ta saman kai, a saki igiya a ja wata. Muna fita daga inuwar duwatsu jirgin ya kwanta gefe guda, ya hau igiyar ruwa ya faɗo tim, ya sake hawa. Ruwan gishiri yana marina a fuska. Na daure na ɗan lokaci ina murmushin ƙarfin hali, don ni na nema. Sai shayin safe ya ce shi ba zai je Tuwal ba. Daga nan sayadiyyar jiya ta biyo shi.

Ban san yadda na sauka ƙasa ba, na dai gan ni kwance a kan benci, ɗakin yana juyawa. Wani ya tallafe mini kai ya kanga bokiti. Na buɗe ido ina sa ran ganin Habibu, sai na ga Usama. Shi ya goge mini fuska, ya yanka lemun tsami ya ce in tsotsa, ya je ya zubar da bokitin ya dawo, ya sake zuwa. Yana ta cewa, "Ma'alesh ya Yaya, basita, kowa ya taɓa yi." Ni kuwa kunnena yana kan matakala ina jiran takun Habibu. Bai sauko ba. Har muryarsa nake ji a sama yana tambayar Rayyis wace igiya zai ja. Aman bai yi mini ciwon da wannan ya yi mini ba. Na kwanta ina tuna zazzaɓin da na yi jinyarsa a Waziriyya, da ranar haihuwar Ihsan da na wuni a tsaye a asibiti, na ce ashe haka abin yake ƙarewa.

Da azahar ta yi Usama ya tsuguna kusa da kaina.

"Yaya, waƙt ya yi. Ko rabi ba mu yi ba. Ni amir ne, sah, lakin ba zan juya ba sai ka ce."

Na so in ce a ci gaba, wallahi na so. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "A juya."

Ana juyawa iska ta koma bayanmu, jirgin ya miƙe tsaye ya daina tsalle kamar ba shi ba. Rayyis ya kai mu bayan wasu duwatsu da ba su cikin shirin kowa, inda akwai ɗan tudun yashi da tsuntsaye, ya jefa anka. Ba wanda ya ce mini komai, kamar yadda amiri ya yanke, kuma shirun ya fi zagi nauyi. Bayan la'asar Usama da Rayyis suka hau ƙaramin kwalekwale suka tafi neman kifin dare. Na rarrafo na zauna a bayan jirgi na zuba ƙafa a ruwa. Habibu ya zo ya zauna kusa da ni. Tun da muka baro Sharafiyya sai yanzu muka keɓe.

"Bawana, ka farfaɗo?"

"Da ka faɗa mini tun a gida ka yi sabon amini, da ban wahalar da kaina ba," na ce. "Ka naɗa shi a kaina, ya raba mu ɗaki ka yi shiru. Ina can ina fitar da hanjina, ko leƙowa ba ka yi ba."

Ya daɗe yana wasa da ruwa da ƙafa.

"Ni na ce ya sa ka a ɗakinsa," in ji shi. "Ni na ce ya ja ka girki. Ɗazu kuma har na sa ƙafa a matakala na fasa, na ce shi ya je. Ka zaci daɗi na ji?"

"Don me?"

"Sanusi, duk shekarun nan a Jidda, lambar wa kake da ita ban da tawa da ta kafili? In ciwo ya kama ka a ɗakin nan naka, wa zai buga ƙofa? Maman Ihsan har kuka ta yi a kan wannan. Mota na sayar, kujeru na rabar, tukwane ta ba maƙwabta. Kai ne na rasa inda zan ajiye."

Na ce, "Au, ni kaya ne da za a bar ni amana?"

"In na ce maka ga aboki na samo maka, za ka karɓa? Kai da ko gaisuwarsa da ƙyar kake amsawa. Na ce bari in haɗa ku inda ba ƙofar fita."

Haushi nake ji, an yi mini dabara kamar yaron da ake ɗura wa magani a cikin koko. Ga kunya, kuma sai a lokacin na yarda da gaske tafiya zai yi. Na sunkuya na ɗebi ruwa na wanke fuska, na ce gishiri ne ya shiga mini ido. Ya ce shi ma.

Can ya ce, "Kuma ka zaci ban san abin da kake nema a Tuwal ba? Rumfar kifin nan tamu ma ba ta nan, an tashe ta. Na je bara."

"Da wa ka je?"

Ya ɗaga kai yana kallon tsuntsaye.

"Habibu, da wa ka je?"

"Ka ga wancan fari, mai dogon baki?" in ji shi.

Sauran tafiyar ba ta da dogon labari. Da safe Rayyis ya kawo zaɓinsa, amiri ya zaɓi mu bi iska mu gangaro a hankali, ni kuma na sha ƙwayata a gaban kowa. Usama ya koya mini riƙe sitiyari, ya ce in daina kallon hannuna in kalli nesa. Na tambaye shi sunayen yaransa, ya lissafo, ya ce ƙaramar ba ta jin Hausa sai ta zagi. Ba zan ce muku na daina jin haushinsa a ranar ba. Da na ga suna raba dambun naman da Maman Ihsan ta ba mu guzuri suna dariya, abin ya sake motsawa. Amma na miƙa hannu na ci nawa kason tare da su. A bakin mashigi aka sake duba iƙama, muka mayar wa Rayyis jirginsa, ya riƙe hannuna ya ce in na sake zuwa in bar hanya a gida in taho da hula mai igiya.

Habibu ya tafi. Ni da Usama muka raka shi da iyalinsa filin jirgi, kuma ban kwanan irin wanda na guda ne, ana yi ana duba agogo. Na dawo ɗaki na zauna ban kunna fitila ba, na ji Jidda ta yi mini faɗi. Kewarsa nake har yanzu, wani lokaci sai na ɗauki waya zan ce ina hanya sannan in tuna.

Makon jiya Usama ya tsaya a ƙofar kanti ya yi hon, ya ce yalla, mahaifiyarsa tana son ganina. Muka je Sa'alaba. Hajja tsohuwa ce mai Hausa irin ta kakanninmu, wadda ko a Zariya an daina ji. Ta ce ba za ta yi hira da ni ta bayan labule ba, ɗanta ne ni, a shigo da ni ciki. Ta zaunar da ni a kan dardumarta, ta sa aka kawo tuwo miyar kuka, ta yi ta tambayata ko har yanzu ana daka fura a turmi. Hannuna yana cikin kwano wayar Usama ta yi ƙara, sai ga fuskar Habibu daga Kano. Ya gaida Hajja, ya gan ni, ya ƙura wa bangon da ke bayana ido.

"Wai ina ne nan?"

"Ɗakin Hajja," na ce.

"Ɗakinta na ciki?" Sai ya ce wa Usama, "Abu Rayyan, ni shekara biyu ina zuwa gidan nan ban taɓa wuce falo ba."

Ya faɗa da dariya, amma na ji abin da ke ƙarƙashin dariyar, don na san ciwon farin sani. Na ce Hajja a ƙara mini miya, na karɓi wayar na matso da ita kusa da kwanon don ya gani da kyau.